Tulun Tabar Kaka

Ran kasuwar Kibiya na gifta ta gaban wani dattijo mai sayar da ganyen taba, ƙanshin ya tsayar da ni cak. Ban taɓa shan taba ba, amma hancina ya san sabuwa, ya san wadda ta kwana biyu. Tasa sabuwa ce, mai yaji, irin wadda kakana yake cewa ba ta yi hankali ba tukuna.

A gidanmu na Tarai, Kaka yana da lofe na shan taba, yana kuma da ɗan fegi a bayan garke inda taki ya taru. In ya yanke ganyen sai ya shanya a inuwa, ya kitsa shi kamar gashi, ya danna a tulu, ya liƙe bakin da laka. Sabuwar taba shaƙe mutum take yi. Sai ta ci damina a rufe take yin baƙi, ta yi laushi, ta soma ƙanshin dabino.

Shekarar da ganyen ya yi kyan da bai taɓa yi ba, ita ce shekarar da Baba, ɗansa tilo, ya kwanta ciwo har aka fid da rai. Kaka ya ɗaga hannu a tsakar gida, kowa yana ji, ya yi wa Allah alkawari: in yaron nan ya tashi, shi da lofe har abada. Baba ya tashi. Tulun kuwa an riga an liƙe shi.

Ka ga inda muka shiga uku. Kaka bai iya sha, bai iya zubarwa, bai kuma yarda ya bayar ba. Duk ƙarshen damina sai ya jawo tulun, ya fasa lakar, ya juya ganyen don kada ya yi fumfuna. In ya bushe da yawa ya jefa ɓawon rake a ciki. Ƙanshin ya cika gida, na bana ya fi na bara. Inna, matar Baba, sai ta tsaya da taɓarya a hannu, idonta a kan yatsunsa. Ita dai ta yi imani zuƙa ɗaya ce tsakaninta da takaba. Ko tari Baba ya yi, sai ta bi ta ƙofar ɗakin Kaka tana shinshina iska. Na tsani tulun nan, wallahi.

Wata rana Baba ya gaji, ya durƙusa ya ce, "Baffa, don Allah ka sha abarka. Rai a hannun Allah yake."

Kaka ya ce, "Wa ya ce maka ina so?" Hannunsa kuwa yana ta shafa bakin tulun.

Na girma kafin ajali ya ɗauki Baba, ya bar tsohon. Ana zaman makoki sai ga Kaka yana jan tulun da ƙyar, ya fasa lakar a gaban jama'a. Ban taɓa jin ƙanshi irin na ranar ba.

Ya ce, "Ku duba. Ko ganye ɗaya ban taɓa ba."

Babu wanda ya tuhume shi. Inna ta fashe da kuka ta ce, "Mun sani, Baffa." Wani tsohon abokinsa ya ce ai yanzu sai ya sha, Kaka ko kallonsa bai yi ba. Ya sa aka kwaɓo laka.

Yau babu mai shuka taba a bayan garkenmu. Samari karan sigari ɗaya suke saye a shago, kafin su kai bakin titi ta ƙare. Tun bayan rasuwar Kaka tulun yana ɗakina. Bara na buɗe shi, ganyen ya zama gari, ƙanshin duk ya tafi. Na ɗauke shi zan kai juji, na kai har ƙofar gida. Sai na dawo na kwaɓa laka.