Daron da ya ragu da azahar

Laifin nawa ne, kuma wani ne ya sha wahalarsa.

A shekarar babban fari, zamanin mulkin soja, ni ke kula da gandun renon itatuwa a bayan Matameye. Masu froje, wato aikin taimako, suka kawo mana wani farin gari na gwaji. In ya sha ruwa sai ya kumbura kamar ƙwan kwaɗi, a zuba shi a gindin dashe ya riƙe laima. Da Faransanci suka yi bayani. Ban gane rabinsa ba, na ce na gane.

Mai ban ruwanmu wani dattijo ne daga Ɗan Barto, wanda ke aiki a ba shi jar dawa ta taimako ya kai wa iyalinsa. Wata safiya muka jiƙa garin ya cika daro. Da azahar na tarar ya koma ƙasa da rabi, ruwa na yawo a kansa. Na zargi dattijon da ɗibar garin ya cika da ruwa. Ya yi dariya, ya tambaye ni ko miya ake yi da shi.

A lokacin, taɓa kayan taimako ba ƙaramin abu ba ne. Na ji tsoron a ce ni ne, na kai ƙararsa. Jandarmomi suka tafi da shi kafin la'asar.

Washegari da sanyin safiya na tarar da daron cike. Ashe zafi ke sa abin ya tsuke ya saki ruwansa, sanyi ya mai da shi. Sai na kwashe shi na zuba wa dashe, ban faɗa wa kowa ba.

Bayan an saki dattijon ba a mai da shi aiki ba. Ya kwashi iyalinsa zuwa Kano. Da suka dawo, babu matarsa, ta rasu a can. Har yau ina ganinsa a bayan motar jandarmomin nan, takalminsa ɗaya a hannu.

Na shekara goma ina kauce wa hanyar Ɗan Barto. Ranar da na je, yana tufkar igiya a inuwa, bai gane ni ba sai da na faɗi aikina na dā. Na durƙusa.

"Baba, ba ka ɗauki komai ba. Tun washegari na sani, na yi shiru. Ka yafe mini."