Shekarar da Baffa ya tsare mana gero

Da Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya bar aikin soja ya dawo ƙauyenmu a bayan Miga, gandun gidanmu ya koma hannunsa. Mutum goma sha ne ke ci daga gonar nan, kuma geron shekarar shi ne duk abin da muke da shi.

Ana saura kwanaki a yi girbi ya tara mu a zaure, ya zana gonar a ƙasa da tsinke. Ya ce a bariki ba a fita sai an jera haɗurra, babba a sama, ƙarami a ƙasa. Ɓarayi ya sa a farko, sai shanu, sai tsuntsaye. Ni da na girma a garin ban taɓa jin an saci dami ba, amma wa zai yi musu da mutumin da ya ga yaƙi? Har kai na gyaɗa masa.

A wajenmu in an yanke gero, barinsa ake yi a gona ya sha rana kafin a ɗaure a kai rumbu. Baffa ya ce wannan sakaci ne, an bar kaya a fili ba mai gadi. Ranar da aka yanke, ranar muka ɗaure muka kwaso. Rumbu ma bai yarda da shi ba, wai kara ne da laka. Shagonsa na siminti muka cika, ya toshe taga, ya datse ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ce, “Malam, geron nan fa da sauran danshi.”

Ya ce, “Yaya, danshi ba ya ɗaukar dami ya gudu.”

Mako uku yana zagaya shagon da sanda, yana duba sawu. Ranar da ya buɗe, wari ne ya fara fitowa. Dammunan sun yi zafi, funfuna ta baƙanta su har ciki. Ya tsaya ya dube su, ya ce ko zangarniya ɗaya ba ta ɓace ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin haushin gaskiya irin na ranar ba.

Inna ta kwaso dammunan daga shagon. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta wuni tana tsintar zangarniyar da ta tsira. Na ce mata wannan ai ko tuwon wata ɗaya ba zai yi ba.

Ta ce, “Ba tuwo nake nema ba. Irin baɗi nake nema.”