Kyanwar Yaya Lawan da Gidajen Hayar Makka

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Lawan, Allah ya jiƙansa. A irin wannan lokaci ya tafi, bayan alhazai sun watse, gari ya dawo hannun mu mazauna, zafi kuma yana kan ganiyarsa. Duk shekara in watan ya zagayo nakan dafa abin sadaka in aika masallacin layinmu, in ja bakina in yi shiru. Bana na ce bari in rubuta, ko don 'ya'yansa da ke Kano. Abin da suka sani game da ƙarshen mahaifinsu bai wuce abin da aka gaya musu ta waya ba: ya yi jinya, ya cika, an yi masa salla a Harami. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai kyanwa a cikin labarin, kuma ba wanda ya taɓa faɗa musu.

Na riga shi zuwa Makka. Aure ne ya kawo ni, maigidana yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, muna haya a wani tsohon gida a unguwar Mansur. Yaya ya biyo baya da takardar aiki, wani kamfanin gini ya ɗauke shi ɗaurin rodi. Ƙato ne, mai dariyar da ake ji tun daga bakin layi. Ranar Juma'a yakan shigo mana da ƙunshin tsire, ya zaunar da 'yata Hajara a cinya yana gyara mata Hausa, ita kuma tana gyara masa Larabci.

Wata rana katakon da suke tsaye a kai a saman gini ya karye. Abokin aikinsa, wani mutumin Maraɗi, ya faɗo a kan idonsa, ko shurawa bai yi ba. Shi Yaya ƙarfe ne ya tare shi, aka sauko da shi da karaya a hannu. Hannun ya ɗoru. Amma mutumin da ya fito daga asibiti ba shi ne yayan da na sani ba. Barci ya ƙaurace masa. Cokali in ya faɗi ƙasa sai ka ga gumi ya keto masa, jikinsa na ɓari kamar mai zazzaɓi. An yi masa ruƙiyya, ya sha zamzam, likita ya ba shi ƙwayoyi. Kowanne ya ɗan taimaka, ba wanda ya kai shi inda ake so. Kamfanin ya mai da shi gadin sito, wai a can babu hawa sama.

A siton ya tsince ta, 'yar kyanwa mai ido ɗaya, launinta kamar toka, shi ya sa ma ya sa mata suna Toka. Ruwa kawai ya zuba mata a murfin gwangwani, ta liƙe masa. Da ya kai ta masaukin ma'aikata, shugaban wurin ya ce ba a ajiye dabba. Sai muka ce ya dawo wurinmu shi da ita. Mai gidanmu a lokacin wata tsohuwa ce da kakanninta suka zo ƙasar nan ta hanyar Sudan. Da na je neman izini, ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce kyanwa ai 'yar gida ce, me ye abin tambaya.

A gidan nan na ga abin da har yau ban iya bayaninsa ba. In abin ya taso wa Yaya, tun kafin mu lura Toka ta sani. Sai ta hau ƙirjinsa ta kwanta tana gurnanin nan nata, shi kuma ya ɗora mata hannu, a hankali numfashinsa ya daidaita. Ranar da na fara ganinsa yana barci bayan azahar, baki buɗe, kyanwa a wuyansa, kashe injin markaɗe na yi, na kora yara waje. Ranar miyar kuka muka sha, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Da muka koma asibiti na gaya wa likita, ya yi murmushi ya ce to kada mu raba su. Da baki ya faɗa. Mu ma bai zo mana a rai ba cewa wata rana za a nemi abin da ya fi baki.

Sai rusau ya iso ɓangarenmu. Aka shafa jan fenti a bangon gidan tsohuwa, aka ba kowa wa'adi. Wanda bai taɓa neman gidan haya a Makka da baƙar fata da takardar zama ta baƙo ba, ba zai gane gajiyar da ke ciki ba. Wani ya ji muryarka a waya ya ce akwai, ya gan ka ya ce yanzun nan aka kama. Da ƙyar muka samu a unguwar Rusaifa: bene sabo, da lif, ga makarantar 'yan mata a bayan layi. Tun a ofishin dillali aka gaya mana sharaɗin mai gida, ba dabba ko wace iri. Maigidana ya kalle ni, na kalle shi, ya sa hannu. Ranar tashi a kwandon wanki muka sa Toka, muka rufa mata zani, Yaya ya rungume kwandon a bayan motar kaya.

Mun yi watanni muna ɓoyo. Asiri ya tonu ne ta wajen shara, mai gadin benen ya ga yashin da muke zuba mata. Ashe kuma maƙwabtanmu na ƙofa da ƙofa suna da yaro mai ciwon asma, uwarsa ta daɗe tana zargin akwai gashin dabba a wurin. Mai gida ya zo da kansa, dattijo mai fara'a, har ya sha shayinmu. Ba zan ɗora masa mugunta ba, don ban gan ta a fuskarsa ba.

"Ni ba na ƙin bissa," in ji shi, haka suke kiran kyanwa a nan. "A gidana ma akwai su. Amma wannan bene na mutane da yawa ne. In na bar muku, gobe wani ya kawo akuya."

Maigidana ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, wannan ba ta wasa ba ce. Surukina ba shi da lafiya. Ita ce maganinsa."

Dattijon ya ajiye kofi ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Amma magani a kantin magani ake sayar da shi. Ko ita ta fita, ko ku nemi wani wuri ƙarshen wata."

Ina za mu kai kuka? Mutumin da zamansa a ƙasa yake rataye da sabunta takarda duk shekara ba ya ja-in-ja da mai gida, ko da yana da gaskiya, balle mu da muka san mun saɓa sharaɗi. Muka kai Toka wurin wani tela ɗan garinmu da shagonsa bai shiga rusau ba. Ba a yi sati ba abin ya dawo wa Yaya kamar jiya aka yi hatsarin. Wata la'asar na dawo daga cefane na tarar da shi zaune a tsakiyar matakala, ya kasa hawa ya kasa sauka, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu. Na zauna kusa da shi har ya dawo hayyacinsa.

Washegari ya kira ni kicin, ya tura ƙofa don kada yara su ji. Ya ce, "Binta, yaran nan sun samu makaranta kusa, ba zan sa a kore ku a kan mage ba. Ni kuma na gwada, wallahi ba zan iya ba." Ya sunkuyar da kai. "Ki dubi girmana. Ina da 'yar da ta isa aure, amma kyanwa ce ke riƙe da ni." Kunyar da na gani a idonsa ranar ta fi ciwon kansa ci mini rai.

Na ce ya koma gida Kano mana. Ya ce ya koma ya ba su me? Albashin gadin nan shi ke riƙe da gidansa. Muka ce to mu tashi gaba ɗaya mu sake nema, ya rantse in muka yi haka ba zai sake taka ƙofarmu ba. Shi ya nemo wa kansa ɗaki a unguwar Hindawiyya, can saman rufin wani tsohon bene, gefen tankin ruwa. Ba lif, ba inuwa. Mai shi bai kafa sharaɗin komai ba, domin ba mai son ɗakin. Yaya ya ɗauko Toka daga wurin tela suka tare. Maigidana ya haɗa masa tsohuwar na'urar sanyi, amma wayoyin gidan sun tsufa, da rana ta take sai wuta ta yanke.

Shekara biyu ya yi a can. Duk Juma'a nakan hau masa da tuwo, in huta a kowane hawa. Ba zan ce ya wahala kullum ba. Yana barci, yana zuwa aiki, har wani lokaci dariyar nan tasa takan leƙo. Amma ya rame, hawan jini ya kama shi, kuma daga shi sai ita. Wata rana mai kantin da ke ƙasan benen, wani bawan Allah ɗan Cadi, ya lura bai sauko azahar ba, bai sauko la'asar ba. Ya hau ya tarar da shi a ƙasa, ɓarin jiki ya shanye, ɗakin kamar tanda, Toka na zaune a kan ƙirjinsa. Kwanaki kaɗan ya yi a asibiti. Ajali ne, na sani, kuma ban taɓa cewa ɗakin ne ya kashe shi ba. Abin da na sani shi ne, da a gidanmu ya faɗi, da wani ya ji faɗuwarsa.

Mai kantin ya riƙe Toka. Ya ce kullum takan hau sama ta zauna a bakin ƙofar da aka kulle. Daga baya ya daina ganinta.

Yanzu Hajara ta zama budurwa, Hausarta rabi Larabci ce. Kwanan baya ta nuna mini a waya cewa a wasu ƙasashe likita na iya shaida cewa dabbar mutum tana cikin abin da ke riƙe da lafiyar ƙwaƙwalwarsa, mai gida kuma ba ya korarsa a kanta haka kawai. Ban san iyakar gaskiyar abin ba, ko a can ma talaka na cin moriyarsa. Amma na daɗe ina kallon wayar. Ashe abin yana da suna. Ashe ba Yaya kaɗai ba ne.

Nan ma gari ya canza. Akwai kantuna na abincin kyanwa zalla, akwai asibitinsu, kana tafiya ka ga yarinya da kyanwa a jakar goyo mai 'yar taga. Da Yaya zai leƙo ya ga jakar nan, na san sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. In ya gama kuma zai tambaya, to mai gadin sito fa, an ba shi ɗaki? Yarjejeniyar haya yanzu ta waya ake yi, kuma ban ƙi ba, ta rage wasu rigingimu. Amma unguwar Mansur da ya sani, mai tsofaffin da ke karɓar mutum da kayansa da larurarsa, kullum ƙara tsukewa take yi. Benayen da ke tasowa kuwa sun fi kyau, sun fi tsabta, sun kuma fi yawan sharuɗɗa.

Ba cewa nake yi a buɗe wa kowace dabba ƙofa ba. Yaron maƙwabtanmu mai asma shi ma ɗan wani ne, numfashinsa haƙƙi ne. Amma a wancan benen na Rusaifa akwai ɗaki a ƙasa mai ƙofa ta baya, babu kowa a ciki sai tarkacen fenti. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin ko za a iya raba wa kowa haƙƙinsa. Mu kanmu Hausawa ba mu fi mai gidan ba. Akwai 'yan uwan da suka ce mage ta shanye shi, akwai masu cewa aljana ce ya aura. Ciwon da ba ya fid da jini har yau ba mu yarda ciwo ne ba, sai ya kai mutum ƙasa mu fara salati.

Na gaji, gaskiya. Tun bayansa mun sake tashi sau biyu. Wasu tukwanena ban ma fid da su daga kwali ba. In na zauna ina neman abin da ya rage na Yaya, kaɗan nake samu. Kabari a nan ba a sa masa suna, ko na je ba zan iya nuna nasa ba. Bai bar gidan gado ba, ko hoto ɗaya babu na shi da Toka. Ya dai zaɓi rufin bene don yarana su kwana kusa da makaranta, kuma sun yi karatun.

Bana ma an ce mu tashi, mai gida zai ba ɗansa. Makon jiya ni da Hajara muka je ganin wani a Rusaifa. Gida mai kyau, kicin da taga, iska na shiga. Dillali yana ta lissafa mana alherinsa, sai na ji bakina ya tambaya ko ana yarda da kyanwa.

Ya ce, "Kuna da ita ne?"

Na ce a'a.

"To me ye na tambaya, Hajiya?"

Sai Hajara ta ce masa da Larabci, "Kawuna yana da ita." Ba ta ce ya rasu ba, ni ma ban gyara mata ba. Dillalin ya girgiza kai ya ce mai gida ba ya yarda. Muka yi masa godiya, muka sa takalmanmu. Muka sauka a lif. Wa'adinmu ƙarshen wata ne, kuma har yanzu muna nema.

Allah ya jiƙan Yaya Lawan, ya ba shi masaukin da ba a tashin kowa.