Ranar da Ustaz Ya Gwada Ɗan Baffa

Har yau in na ji ƙwallo tana dukan ƙasa, raina yakan ɓaci kafin in tuna dalili. Jikokina sun ɗauka tsufa ne ya sa na tsani wasa, suna ta kwashe ƙwallonsu in sun hango ni tafe daga masallaci. Ba ruwan tsufa. Wata la'asar ce ta tsaya mini a wuya, kuma duk zamzam ɗin da na sha tun daga lokacin bai wuce da ita ba.

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife mu, ni da Yayana. Baba ya zo daga ƙasar Kano yana saurayi, ya yi hajji, ya ce shi kam ya iso, ya buɗe ɗan shagon hula da carbi. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa ko da yake ba mu taɓa ganinsa ba, ya biyo sawunsa daga baya, amma guzuri ya ƙare masa a Sudan. Ya tsaya tsinkar auduga don ya ƙarasa, tsayuwar ta zama zama, har ya yi aure ya haihu, har ƙasa ta rufe idonsa bai ga Ka'aba ba. Ɗansa ne ya ƙarasa masa tafiyar. Ya hayo teku daga Sawakin a cikin shekarun nan da ake rushe gidajen da suka kewaye Harami don a faɗaɗa shi, ya iso ƙofarmu da ƙullin kaya ɗaya, sai da ya sunkuya kafin ya shiga zaure.

Ban taɓa ganin tsawo irin nasa ba. Ya girme ni kaɗan, Yaya kuma ya girme shi, amma ya fi Yaya da kai guda, alhali Yaya ne dogon unguwa. Abin da ya fi tsawon ba mu mamaki shi ne ladabinsa. Mu 'ya'yan Makka mun riga mun zubar da rabin namu a hanya: muna gaida Baba a tsaye, muna amsa masa da Larabci. Shi kuwa durƙusawa yake har ƙasa. Ba ya kiran sunan Yaya, ba ya kai hannu ga nama kafin Yaya ya kai, in sun haɗu a ƙofa sai ya manne da bango. Uban da ya rasa komai a baƙuwar ƙasa ya riƙe wannan abu ɗaya, ya ɗura wa ɗansa shi har ya cika maƙil. Inna ta ce, "Kun ga mutum." Yaya ya ce, "Mun ga baƙauye."

Ni da Yaya muna karatu a wata makarantar manyan yara da muke kira ma'ahadi, can wajen Utaibiyya. A lokacin aka kawo mana wani malamin motsa jiki daga Masar, gajere mai usur a wuya, muna ce masa Ustaz kawai. Shi ya kawo mana ƙwallon kwando. Ya sa maƙeri ya lanƙwasa rodi, aka kafa a jikin allo a kan falwaya, aka share fili aka yayyafa masa ruwa. Yaya ya zama mai tsayawa a ƙarƙashin kwando saboda tsawonsa, kuma ya zama shugaban 'yan wasa saboda bakinsa. Ni ina gefe ina gudu, abin da na iya ke nan.

Wata rana na dawo da ƙwallon makaranta gida, ɗan Baffa ya karɓa ya juya ta a kan yatsa kamar wanda ya haɗu da tsohon aboki. Ashe a makarantar da ya yi a garin Madani, can Sudan, suna bugawa. Muka fasa gindin wani kwandon dabino muka rataya a bangon bayan gida. Ya Salam! Ban san inda ƙwallon take bi ba. In tana hannuna, kafin in ƙifta ido ta koma nasa. In na jefa, sai ya miƙa hannu ya ɗauke ta a sama kamar mai tsinkar mangwaro, yana dariya. A nan kaɗai na ga haƙoransa. Ni ƙanensa ne, don haka ya ture ni, ya danne ni, ya wuce ta kaina ba kunya ba tsoro. Yaya bai taɓa shiga wasanmu ba, ya ce ba ya wasan yara, amma na sha ganinsa yana leƙe ta taga.

Ni na kai wa Ustaz labari, don lokaci yana ƙurewa. Baba ya riga ya yanke cewa bayan hajji ɗan Baffa zai shiga cikin masu ɗaukar ruwa, sanda a kafaɗa da garwa biyu, aikin da yawancin sababbin zuwa daga ƙasarmu suke farawa da shi, da yawansu kuma a kansa suke tsufa. Ma'ahadi ba ya ɗaukar wanda ba haifaffen ƙasa ba sai in wani malami ya tsaya masa a gaban mudir, wato shugaban makarantar. Ustaz kuwa yana fama da ciwon wata makarantar Jidda da ta lallasa mu, yana neman dogo ido rufe. Ya ce in kawo shi ya gani. In ya yi, zai shiga ofishin mudir da kansa. Wato dai tsakanin aji da sandar ruwa babu komai sai la'asar ɗaya.

Muka je. Ustaz ya jingina shi da bango ya ja layi da gawayi a saman kansa, ya sa shi ya ware hannuwa, ya juya tafukansa, ya matsa ƙwaurinsa. Saura kaɗan ya buɗe bakinsa ya duba haƙora kamar ragon layya. Ɗan Baffa yana tsaye, ido a ƙasa. Aka ce ya yi gudu, ya yi. Aka ce ya jefa daga nesa, ƙwallon ta yi ta faɗawa cikin rodi har yaran da suka zo dariya suka yi tsit. Na ga gashin bakin Ustaz yana rawa, na ce a raina shi ke nan, mun haye.

Sai Ustaz ya hura usur ya yi mana huɗubar da ya saba. Ya ce tsawo kyautar Allah ce, jifa kuwa ko biri aka koya wa zai iya. Abin da shi yake nema zuciya ce: in ƙwallo tana sama mutum biyu suna ƙasa, wa zai ce tawa ce? Ya waiga yana neman wanda zai haɗa da ɗan Baffa, har ya fara nuna wani ƙaton yaro Babuhare, ɗan wata ƙabilar baƙi da ba ruwanta da al'adarmu. Wallahi da ya ƙarasa nuna shi, da yau wani labari nake rubutawa.

Yaya ya tako gaba ya ce, "Ni zan kara da shi, ya Ustaz. Ɗan gidanmu ne, na fi kowa saninsa."

Gaskiya ya faɗa, ya fi kowa saninsa, kuma a nan mugun abin yake. Da suka tsaya gaba da gaba, ina kusa da su, na ji Yaya ya sauke murya ya koma Hausa, harshen da ba ya yi sai da Inna. Ya ce, "Ka dai san wanda ke gabanka."

Ɗan Baffa ya ce, "Na sani, Yaya."

Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne. Yaya ya taho da ƙwallo, ɗan Baffa ya ja da baya ya ba shi hanya, yadda yake yi a ƙofar zaure. Yaya ya ɗaga zai jefa, hannun da na saba gani yana rufe mini sama ya tashi har kafaɗa, ya tsaya, ya koma. Wa ya taɓa ɗaga hannu a kan babba? Ƙwallo ta doki allo ta dawo, suka yi tsalle tare, ɗan Baffa ya wuce shi da kamu guda, yatsunsa har sun taɓa ta, sai ya janye ya bar wa Yaya, kamar tsokar nama a akushi. Ina ta ihu, "Karɓe! Karɓe mana!" Ko kallona bai yi ba. Can dai jiki ya manta da tarbiyya na ɗan lokaci, ya kama ƙwallo ya juya, kafaɗarsa ta taɓa Yaya. Yaya ya zube ƙasa warwas, faɗuwar da ko ɗan tsako ba zai yi ba. Ɗan Baffa ya saki ƙwallon, ya durƙusa a tsakiyar fili yana kakkaɓe masa riga. "Sannu, Yaya. Yi haƙuri, Yaya. Ban gani ba."

Fili ya ɗauki dariya. Ustaz ya tofar da usur ya ce, "Halas. Jikin raƙumi, zuciyar zomo."

Na ruga gabansa. Larabcina ya fi Hausata a lokacin, na zuba masa shi ba waƙafi. Na ce a wurinmu ƙane ba ya ƙwace abu a hannun wansa, ba ya miƙa hannu a kansa, balle wan da yake ci a gidan ubansa. Na ce a haɗa shi da ni, a haɗa shi da Babuharen, a haɗa shi da mutum biyu ma, in bai wuce su ba a kore mu tare. Ustaz ya share gumi. Ba mugu ba ne, rago ne wajen tunani, kuma rana tana dukansa. Ya juya ga Yaya, shugaban 'yan wasansa, ya ce, "Haka ne, ya walad?"

Yaya ya ɗaga kafaɗa. "Wace al'ada? Mu ba mu san wannan ba, ya Ustaz. Tsoro ne kawai."

Mutumin da ake bar wa nama kullum a gidanmu, shi ne bai san al'ada ba! Naka ke ba da kai, in ji masu magana, amma ban san ana yi da rana tsaka a gaban jama'a ba. Sauran 'ya'yan Hausawan da ke cikinmu, waɗanda kakanninsu suke durƙusawa har gwiwa ta yi kanta, duk suka kafa ido a kan falwaya. Kowa yana gudun kada a ce shi ma takari ne.

Ustaz ya yi abu na ƙarshe, wanda a ganinsa adalci ne. Ya tambayi ɗan Baffa da kansa, "Kai, faɗa mini. Da gangan ka ƙyale shi?"

Ka ga tambayar wanda bai san mutane ba. In ya ce e, ya ƙaryata Yaya a bainar jama'a, abin da ya fi ɗaga masa hannu muni. Na roƙe shi da ido. Ya dubi yatsun ƙafarsa ya ce, "Iyakar ƙoƙarina ke nan, ya Ustaz."

Ustaz ya ɗauki ƙwallonsa ya yi gaba. Mutum ya ratso hamada da teku, an auna shi kafin inuwar falwaya ta kai bango, an ce bai kai ba. Na koma wa Ustaz washegari, na sake komawa, har ya ce in na ƙara tayar da maganar zai kai ni gaban mudir. Ya ce shi ƙwararre ne, kallo ɗaya yake yi wa ɗan wasa. Kallo ɗayan nan nasa ya sa Jidda ta sake lallasa mu a shekarar, Yaya yana tsaye a ƙarƙashin kwando kamar turke.

Na zaci a gida zan sami mai jin haushi tare da ni. Na kwashe komai na faɗa wa Baba a shago, ban rage ko faɗuwar ƙarya ba. Baba ya saurara yana jan carbi, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Allahu Akbar. Ya ƙi ɗaga wa wansa hannu? Ƙanena bai yi asarar haihuwa ba. Bin na gaba bin Allah." Na ce, "To na gaban fa, Baba? Shi wa yake bi?" Ya ce in tashi in ba shi wuri. A wurin cin abinci ya sa wa ɗan Baffa albarka har da dafa kai, ya ce mu yi koyi da shi. Yabon da ya samu ke nan. Da alhazai suka watse, motocin Muzdalifa suka daina tayar da ƙura, Baba da hannunsa ya kai shi wurin shugaban masu ɗaukar ruwa. Yaya kuwa ko "don me" ba a ce masa ba. Inna ce kaɗai ta daina zuba masa miya da kanta, ta bar wa ƙanwarmu, kuma bai ma lura ba.

Na tambayi ɗan Baffa sau ɗaya ko bai ji haushi ba. Ya gyara tsumman da yake ɗorawa a kafaɗa a ƙarƙashin sanda, ya ce, "In na hau kansa na shiga aji, da wane ido zan dubi Baba?" Na bi shi da kallo, raina yana ƙuna. An koya masa abu mai kyau, sai aka mayar da shi igiya aka ɗaure shi da ita, masu ɗaurin suna ta sa masa albarka.

Abin da ya hana ni mantawa ya faru bayan 'yan watanni. Filinmu ƙasa ne, sai an yayyafa masa ruwa kafin wasa, kuma rabon kai ruwa Utaibiyya ya faɗo a kansa. Muna cikin motsa jiki ya shigo da garwa biyu suna lilo, wuyansa ya fara karkacewa gefe guda. Ya bi gefen fili yana watsa ruwa, bai dubi rodi ba. Sai wani ya yi jifar banza, ƙwallo ta gangara ta tsaya a ƙafarsa. Ya sauke sanda ya ɗauke ta da hannu ɗaya, yatsunsa suka kwanta a kanta inda suka saba. Daga nisa irin wannan na sha ganinsa yana jefawa ta shiga. Zuciyata ta ce, jefa, don Allah jefa, ko sau ɗaya Ustaz ya gani.

Yaya ya tafa hannu ya ce, "Kawo."

Ya tako har gabansa, ya rusuna, ya miƙa masa da hannu biyu. Yaya ya karɓa, Ustaz ya hura usur, shi kuma ya koma ya ɗauki sandarsa, don akwai sauran rabin fili da bai jiƙa ba.