Waƙar da Abdulgani Ya Yi wa Shanun Babansa

Shekara huɗu shagona na ɗinki yana manne da na Abdulgani a bakin hanyar Kalgo, kuma wallahi ban taɓa maƙwabtaka da mutum mai taurin kai irinsa ba. Sana'arsa gyaran waya da tura wa mutane waƙoƙi a memori. Amma in ka tambaye shi, sai ya ce maka shi mawaƙi ne, ko kunya babu.

A ruga aka haife shi, can bayan Gwandu ta wajen Maruda. Shi ne ɗan fari, shi ya sa har yau mahaifiyarsa Inno ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wannan na Kalgo". Yana da shekara goma sha shida babansa ya rasu. Ƙanensa Muzzammil ya riƙe sanda ya bi garke, shi kuwa ya shigo gari da 'yar jakarsa da muryarsa.

Marigayin yana da wani kira da yake yi wa shanu da yamma, dogo, mai karyewa a tsakiya, yana ambaton kowace saniya da sunanta. Duk inda suke sai su ɗago kai su taho. Wannan kiran Abdulgani ya ɗora wa baitoci ya mayar waƙa, don kada ya bi mai shi kabari. Ya kai ta wani situdiyo a Birnin Kebbi. Mai haɗa kiɗan ya saurara ya ce kiran ya yi tsawo, ba ya hawa kiɗa. Ya datse shi, ya miƙar da karyewar da na'ura, ya zuba ganguna. Ta fito tas, ni kaina na taka rawa a kan keken ɗinkina.

Ya kai wa Inno yana washe baki. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ba ni za ka kunna ma ba. Tai ka kunna musu." Ya shiga tsakiyar garke ya ƙure sifika. Ko saniya ɗaya ba ta bar tuƙa ba. Da ya kashe ya yi kiran da bakinsa, tsohuwar saniyar babansa, Wule, ta ɗago ta yi kuka. A nan ya rantse ba mai ƙara taɓa masa murya, kuma ba zai sake taka rugar ba sai da waƙar da shanu za su amsa.

To, daga nan na shiga uku. Ya sayo tsohuwar kwamfuta wajen wani ɗalibin jami'a, da makirufo mai ɗaure da salatif, ya jingina katifu biyu a bango. In zai ɗauki murya sai ya buga mini bango, ni kuma in tsayar da keke, da ɗinkin mutane a hannuna, ina jiran a gama kiran shanun da ba sa nan. Na sha ce masa, "Kai Bafillace, ko Wule ce za ta saya maka buhun shinkafa?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam tela, minti biyu." Minti biyun nan har azahar.

Da yana da 'yan amshi biyu, suka gaji da maimaita layi ɗaya sau talatin, suka koma bin masu waƙar biki. Sai ya zama shi ke bayarwa, shi ke amsa wa kansa, ya ɗora murya kan murya har ka ɗauka mutum biyar ne a ciki. In ka leƙa kuwa shi kaɗai ne, da kwanon shinkafa da wake da ya huce a gefe. Abin yana ba ni tausayi, ban dai taɓa gaya masa ba.

Bara bayan girbi Muzzammil ya kira shi a waya, a gabana. Ya ce gonaki sun cinye makiyaya, za su tashi da garken su yi kudu, kuma bai san ranar dawowa ba. Ya ce wa yayan nasa, "Hamma, in za ka zo ka zo kafin Jumma'a." Abdulgani ya ce saura wuri ɗaya, daidai inda muryar ke karyewa. Na ce masa ya je da abin da ke hannu, da babu gara ba daɗi. Ina! Ya ce ai Fulani ba sa tashi ranar da suka faɗa. Jumma'a ta wuce, wata Jumma'ar ma ta kusa, sannan ya buga mini bango ya ce waƙar ta yi.

Ni na goya shi a babur. Tun daga nesa na ga filin fayau, sai turaku da busasshen kashin shanu. Inno na zaune a ƙofar bukka da jikarta, ƙafa ta hana ta bin su. Ta ce kwana shida ke nan da tashinsu, har da Wule, tana ɗingishi.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe da sifikar a hannu, sannan ya kunna. Babu ganga ko ɗaya. Kiran ya tashi, ya yi tsawo, ya karye a tsakiya. Sai na ga tsohuwar nan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta sa hannu a goshi tana duban hanyar da shanu ke biyowa da yamma. Ta daɗe a haka kafin ta tuna babu garken da zai shigo.

Ta koma ta zauna, ba ta dube shi ba. Ta ce, "Shi ne. Kashe shi haka nan, kada ka sa ni ƙara tashi."