Tsadar Gaisuwar Yaya Jaji

Yayana Jaji ba ya iya tambayarka hanya sai ya fara jin lafiyar kakarka. A Jidda aka haife mu, kakanmu ne ya zo hajji bai koma ba, amma gaisuwa dai Yaya ya gaje ta har ya fi mutanen gida. Sana'arsa ɗinkin kujerun mota, a wani ɗan shago a Madain Fahd. In ka kai masa kujera ta yage, sai ka sha shayi ka ba da labarin iyalinka kaf kafin ya dubi inda ta yage. Ni Mastura ƙanwarsa, tun muna yara nake yi masa faɗa, na gaji.

Abin da ya tsofar da shi bara shi ne maganar Mazen, ɗansa tilo. Mazen ya kai shekarun da ba zai ci gaba da zama ƙarƙashin iƙamar ubansa ba, wato takardar izinin zama a ƙasar, kafilin da ya yi alkawarin tsaya masa ya ɗauke shi aiki kuma ya cakuɗa takardun ya daina ɗaga waya. In ba a warware ba, sai dai Mazen ya tafi Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Mutumin da in ka yi masa Hausa, da Larabci yake amsa maka!

Aka haɗa mu da wani lauya a Aziziyya, Ustaz Hatim, ni na raka Yaya. Lauyan ya ce hanya biyu ce: ko a yanke kuɗin aikin a dunƙule, ko a riƙa biyansa gwargwadon awannin da ya yi a kai. Na taka ƙafar Yaya, na ce masa da Hausa, "A yanke mu huta."

"Ke ba ki san jinga ba," in ji shi. "Ni mai jinga ne. Ran da aka yanke mini kuɗin kujera, hannuna da kansa yake sauri. Ɗana kuwa ba kujera ba ne. Gara a biya mutum lokacinsa ya zauna ya duba da kyau."

Wallahi maganar ta shige ni, na bar shi ya zaɓi biyan awa.

To, ga inda gizo ke saƙar. A wurin Yaya, gaisuwa ba aiki ba ce, wa zai ƙirga ta? In ya shiga ofis sai ya tambayi gida, yara, zafin gari, ciwon gwiwar mahaifin lauyan. Daga nan ya ɗauko labari tun daga kakanmu da jakinsa, don a ganinsa ba a fahimtar matsalar ɗa sai an san asalinsa. Ustaz Hatim bai ɓoye masa ba. Yana nuna agogo yana cewa, "Ya ammi, baffana, lokaci yana tafiya, yalla mu shiga magana." Yaya ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce.

Ga kuma waya. Tarbiyyar da muka samu ita ce, wanda ke riƙe da al'amarinka kada ka bari ya manta fuskarka. Sai Yaya ya riƙa kira yau, ya kira jibi, wai gaisuwa ce kawai. Amma a ƙarshen kowace gaisuwa sai ya ce, "To ya maganar yaron?" Lauya ya buɗe fayil, agogo ya kama aiki.

Da lissafi ya zo, Yaya bai yi gardama ba, don ba a zalunce shi ba. Ya zauna a bakin shago har la'asar bai ɗinka komai ba. Ni ce na yi ta masifa, na ce ai ga shi nan, gaisuwarka ta fi naman rago tsada. Daga baya ya sayar da babban kekensa, wanda ke ɗinka fata, ya bar ƙaramin. Kuɗin da suka rage ba za su kai ko'ina ba, wa'adin Mazen kuma ya matso.

Sai na zaunar da shi kamar ɗan makaranta. "Yaya, in ya ɗaga, ka faɗi abin da ya kawo ka, halas, shi ke nan. Ba gida, ba yara, ba gwiwa."

"Mutum da iyalinsa, a ce ban tambaye su ba?"

"Ko gwiwar ubansa, ko ɗanka. Zaɓi."

Haka muka yi watanni. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don duk kiran da ya yi, sai ya sauke waya fuskarsa kamar wanda ya ci bashi bai biya ba. Ya rame, ya rage magana har a gida.

Ranar kiran ƙarshe ina shagon. Lauya ya ɗaga, Yaya ya yi sallama a gurguje ya ce, "Takardar Mazen?" Ina jin muryar Ustaz Hatim daga inda nake: an samu sabon kafili, an mayar da iƙama ƙarƙashinsa, Mazen ya zauna. Yaya ya ce na gode, ya kashe da sauri kamar yadda na koya masa.

Na miƙe zan yi guɗa, sai na ga ya mayar da wayar kunnensa. Ta riga ta mutu, amma yana magana a hankali.

"Ya gida, Ustaz? Ya yaran? Ya gwiwar Baba, da sauƙi dai ko?"

Na koma na zauna. Ban katse shi ba har ya gama.