Mutumin Rum da Sunan Ƙanena

A gidan hayarmu na Ard al-Liwa ba mu da tsakar gida, saboda haka saman bene ya zama tsakar gidanmu. Hawa shida ake yi kafin a kai. Kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda jikoki ke kiran kaka a Sudan inda aka haifi iyayenmu, kullum bayan magariba sai ta hau su tana mita a kan wanda ya gina matakalar. In ta huta sai ta hura gawayi a ɗan kaskon ƙarfe, ta soya gahawa, ta daka ta da citta. Ni da ƙanwata Zainabu da 'ya'yan maƙwabta mu zagaye wutar, tsakanin tankunan ruwa da kejin tantabarun mai gidan, muna miƙa tafukan hannu, domin sanyin Alƙahira ba ya jin kunyar kowa.

Sauran kakannin unguwa tatsuniyar kura da zomo suke yi. Tamu kuwa ta mutanen Rum take yi, masu yafa farin mayafi su taru a majalisa su yi ta musu. Habboba ba ta san ko alif ba, amma ta yi shekaru tana aiki a unguwar Ma'adi a gidan wata tsohuwa Bamisiriya da ake kira Ustaza, wadda ta ƙare rayuwarta tana koyar da Latin, harshen Rumawan dā. Da idanun Ustaza suka yi rauni sai ɗalibai suka riƙa zuwa gida suna karanta mata, ita kuma tana yi musu bayani da Larabci. Habboba sai ta jawo kujera bakin ƙofar kicin, faranti a cinya, wai tsintar shinkafa take yi. Ta sha gaya mana cewa babu gidan da aka taɓa cin shinkafa mai tsabta irin wannan, don takan tsince faranti ɗaya sau uku kafin darasi ya ƙare.

Ko buɗe tatsuniyarta daban yake. "Ga ta nan, amma ba tawa ba ce, a bakin ƙofa na tsince ta." Mu ce, "Ta zo mu ji, ko ta wace ce."

Abu ɗaya ke ba mu haushi da ita. Ba ta taɓa rufe labari da ƙarshe guda. Ana cikin daɗi sai ta ce, "To, wasu sun ce guba aka ba shi. Wasu kuma sun ce zazzaɓi ne." Zainabu ta buga ƙafa ta ce, "Habboba, ke me kika ce?" Ta kurɓi gahawarta ta ce, "Ni ina wurin? Haka masu littafin suka faɗa, su ma ji suka yi. Kunne ya girmi kaka, amma kunne ba ido ba ne." A lokacin mun ɗauka mantuwa ce ta tsufa take ɓoyewa.

Ina da shekara goma Umma ta haifi namiji, na farko bayan mu mata biyu. Gida ya cika da murna kwana ɗaya, a na biyu ya yi tsit. Na ji dalilin da kunnena ina wanke kofuna. Habboba ta ce wa Baba, ba tare da ta kira sunansa ba don ɗan fari ne, "Sunan mahaifinka nake so a sa wa yaron nan."

Baba ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ki zaɓi kowane suna a duniya, na sa. Ban da wannan."

Kowa a gidan ya san labarin, ko da yake ba a faɗarsa. Kakana ya tashi a hannun wani malami a garinsu na Sudan. Da malamin ya tsufa ya makance, kakana ya yi masa alkawarin zai riƙe masa sanda ya kai shi Makka. Suka tafi Baba yana da shekara huɗu. Kakana bai dawo ba, bai aiko ba. Wasu suka ce kwalekwalen da suka shiga ne ya nutse. Wasu suka rantse sun gan shi a kasuwar Jidda da wata mata da yara. Baba ya ɗauki na biyun ya riƙe shekara talatin, kuma ban ga laifinsa ba: shi ya tashi yana kallon uwarsa tana wankau a gidajen mutane.

Habboba ba ta sake ta da maganar ba. Saura kwana biyar suna, sai huɗu. Umma tana ɗaki tana kuka a ɓoye, don ta san in aka yi sunan nan ba yadda tsohuwa ta roƙa ba, wani abu zai karye tsakanin uwa da ɗa wanda ba zai ɗoru ba.

Baba yana da al'ada. In ya dawo daga kasuwar Ataba, inda yake taya fataken Kano sarin kaya, yakan hau sama ya karɓi gahawarsa ya koma jikin tanki, ya ba mu baya. Ba ya sauraron tatsuniya, a cewarsa. Ranar da ya rage kwana uku, Habboba ta jira sai da ya zauna sannan ta fara, da murya sama da yadda ta saba.

Ta ce Rumawa sun yi yaƙi da wani birni a wannan gaɓar tamu ta teku, can yamma. Aka kama sarkin yaƙin Rumawan, ya yi shekaru a ɗaure. Da mutanen birnin suka gaji da yaƙi sai suka ce masa, je ka gida ka lallashi dattawanku a yi sulhu, amma ka rantse in sun ƙi za ka dawo da ƙafarka. Ya rantse. Ya isa Rum, ya tsaya gaban dattawa, ya ce musu kada ku yarda, mutanen nan sun kusa faɗuwa. Dattawa suka bi shawararsa. Daga nan ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin ruwa. Abokansa suka tare shi suna cewa rantsuwar da aka yi da wuƙa a wuya ba ta kama mutum. Ya ce shi dai ta kama shi.

"Sai matarsa ta riƙe masa gefen riga," in ji Habboba, tana juya gawayi. "Ta ce, maƙiyanka ka cika wa alkawari, nawa fa? Ta daɗe tana riƙe da rigar. Sannan ta saki."

Zainabu ta ce, "Suka kashe shi?"

"Wasu sun ce sun sa shi a akwati mai ƙusoshi, sun hana shi barci har ya mutu. Wasu sun ce ciwo ya yi ya mutu kamar kowa, danginsa ne suka ƙara gishiri. Haka aka riƙa zuwar wa matar da labari, kowa da nasa. Sai ta ce musu, abin da na gani da idona shi ne ranar da ya fita, kuma alkawari ne ya fitar da shi. Abin da ya faru bayan teku ban gani ba. Ba zan yanke wa mutum hukunci da bakin wanda shi ma bai gani ba."

Ba mu taɓa jin Baba ya sa baki a tatsuniya ba. Ranar ya yi, bai ko juyo ba.

"To 'ya'yansa fa, Inna? Su wa ya tambaye su?"

Na zaci za ta kare mutumin. Sai ta ajiye mafici ta ce, "Ba wanda ya tambaye su. An cuce su. Wannan kam babu wasu sun ce a cikinsa." Sannan ta rufe yadda ta saba: "Ƙurunƙus, iyakar abin da ya shigo kunnena ke nan."

Baba ya tashi ya sauka, ya bar gahawarsa bai ko taɓa ta ba. Kwana biyu bai hau saman ba.

Ranar suna da safe maza suka taru a falo, mu mata muna ɗakin Umma mun kasa kunne. Habboba tana zaune a gefen gado tana jan carbi, fuskarta ba yabo ba fallasa. Aka yi addu'a, liman ya ɗaga murya ya ce an sami Idrisu. Mata suka kaure da guɗa. Habboba ba ta yi ba. Ta miƙa hannu aka ba ta jaririn, ta daɗe tana kallonsa. Sunan mijinta ne, bakinta ba zai iya furta shi ba, don haka ta ce masa a hankali, "Maigida, sai yanzu?" Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Da na gama sakandare na ce zan karanta Latin a jami'a, Baba ya dube ni kamar na ce zan koyi harshen aljanu. "Harshen da masu shi suka mutu? Da wa za ki yi hira?" Habboba ta ce daga kan tabarmarta, "Da su mana. Ai suna da labari." Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku kuka sani," kuma shi da kansa ya sayo mini tsohon ƙamus a rumfunan littattafai na kusa da Ataba, mai warin ƙura, wani ɗalibi ya cika gefensa da rubutun fensir.

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Harshe ne da kalma ɗaya ke sauya wutsiya gwargwadon aikinta, kuma marubuci sai ya ja ka layi biyar kafin ya gaya maka abin da aka yi. Shekarar farko na yi kuka a cikin jirgin ƙasa fiye da sau ɗaya. A ta biyu aka ba mu marubutan tarihi, kuma wata rana a ɗakin karatu na warware wata jimla da ƙyar, na ga abin da ta ce: wasu sun rubuta kaza, wasu kuma kaza, ni ba zan tabbatar ba. Na ajiye biro. Ashe ba mantuwa Habboba take yi ba. Ladabin sana'ar ne ta tsinto tare da labaran, kuma ta riƙe shi fiye da wasu masu digiri da na sani.

Daga nan na kamu da son mutanen nan, musamman masu rubuta rayuwar manya. Za su jero maka alherin sarki, hanyoyin da ya gina da yunwar da ya kashe, sannan su juya su jero muguntarsa, har da sanƙonsa da abin da yake ci da tsegumin da ake yi a kansa a kasuwa. Ba waliyyai ba ne, suna da son kai da ƙiyayya kamar kowa, wani lokacin ma kana jin yadda marubucin ke washe haƙora. Amma nagarin cikinsu sukan raba maka abin da aka gani da abin da aka ji, su bar maka sauran.

Na samo labarin sarkin yaƙin nan kuwa. Na ɗauki littafin na kai wa Habboba, lokacin ta daina hawa sama, kaskon gawayin ya dawo bakin tagar ɗakinta. Na karanta mata da Latin don in burge ta. Ta saurara ido a rufe, ta ce, "Haka yaran Ustaza suke yi, amma ke kina sauri kamar ana bin ki." Na fassara mata. Rantsuwar tana nan, dattawan suna nan, saɓanin ma yana nan in aka haɗa littattafan. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, da ɗan girman kan sabon mai ilimi.

"Habboba, maganar da matar ta yi fa, na duba littattafan tarihin da muke da su, ban gan ta ba."

Ba ta ko girgiza ba. "Ba za ki gani ba. Ba su je sun tambaye ta ba."

"To ke a ina kika ji?"

Ta buɗe ido ta dube ni. "Wannan ba ji na yi ba."

Yau ni ke koyar da harshen, kuma duk shekara in na zo wurin da marubuci ya ce wasu sun ce, nakan tsayar da ɗalibai in ce kada su yi tsalle su wuce. Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan cika alkawari ne. Da na girma na gane ba mutumin Rum ne ya fi burge ni ba. Shi rana ɗaya ya yi jarumtarsa, aka rubuta. Ita kuwa Habboba shekara arba'in ta yi tana riƙe da labari biyu a kan mutumin da ya bar ta, ɗaya zai ba ta damar yin makoki, ɗaya zai ba ta damar tsinuwa, ta ƙi zaɓar ko ɗaya saboda ba ta gani ba. Kuma duk da haka ba ta ce wa ɗanta ciwonsa ƙarya ne ba.

Habboba ta rasu ba mu san gaskiyar abin da ya sami kakana ba, har yau kuma ba mu sani ba. Baba bai taɓa cewa ya yafe ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Sai dai ɗa ba ya kiran sunan ubansa gatsau, ko da a kan ɗan cikinsa ne, don haka tun ranar suna bai taɓa ce wa ƙanena Idrisu ba. Jiya na je gida, ina cire takalmi na ji shi yana kira daga falo, yana neman wanda zai karanta masa saƙo a waya.

"Baba," yake cewa. "Babana, zo mana."